Furen Goggo a Tsakiyar Fadama

Yanzu idan na fita bayan gari da hantsi ba na jin kukan jigo. Injin ban ruwa nake ji daga nesa, yana tari yana ɗaukewa, sai kuma babura masu wucewa kasuwar Getso. A da kuwa tun kafin ka hango fadama za ka san wanda ya riga kowa fita, domin kowane jigo da irin kukansa. Na kakanmu yana da wani dogon nishi kamar tsohon da zai tashi daga tabarma, sannan ka ji guga ya faɗa ruwa. Mu yara aikinmu shi ne bin ruwan. Babba yana jan jigo yana zubawa, mu kuma muna tsugune muna buɗe wa wannan fangali baki da hannu, in ya ƙoshi mu toshe da laka mu buɗe na gaba. Ƙafafunmu sukan yi fari fat saboda ruwa, hannuwanmu suna warin albasa har cikin barci. Rijiya ɗaya ce tak a fadamar kakanmu, a tsakiya, bakinta an ɗaure shi da itacen kirya, kuma ita ke shayar da albasa da tattasai da ɗan raken da Kaka yake shukawa saboda jikoki.

Kaka ya haifi uku: Babana, da ƙanensa da muke kira Baffa, da 'yar'uwarsu Goggo. Baba da Baffa ba sa shan inuwa ɗaya tun suna samari. Ba wata babbar gaba ba ce, hali ne kawai bai zo ɗaya ba. Baba mai sanyi ne da riƙo, Baffa mai zafi ne da saurin hannu. Goggo ce kaɗai take iya zaunar da su a tabarma guda. Ta yi aure a birni, mijinta yana kula da lambun gidan wani Bature, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu ta dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya da wani tsohon gwangwanin man gyaɗa a ka, a cikinsa ɗan tsiro bai kai kamu biyu ba.

Ban manta ranar ba, domin mata sun yi ta dariya. Innarmu ta leƙa gwangwanin ta ce, “Goggon yara, wannan ana miya da shi ne?”

“Ba a miya da shi.”

“To magani ne?”

“Ba magani ba ne. Kallo ake yi.”

Inna ta tafa hannu ta ce, “Kai, mutanen birni! Mutum ya ɗauko abu tun daga Kano a ka, ba a ci ba a sha, wai kallo.”

Goggo ta ajiye shi kusa da randa inda ruwa yake ɗiga. Da ya yi fure kuwa duk masu dariyar sai da suka zo kallo. Ƙananan furanni ne a dunƙule kamar tafin jariri, a dunƙule ɗaya ka ga rawaya ka ga ja ka ga wanda ya yi kalar goro. Ganyensa kaushi gare shi, in ka murza yana da wani ƙamshi mai hawa kai, jikin reshen kuma da ƙananan ƙayoyi. Idan furen ya kaɗe sai 'ya'ya su fito, kore da fari, daga baya su yi baƙi sul. Ba wanda ya san sunansa a garinmu, sai aka riƙa cewa furen Goggo. Har yau haka ake kiransa daga nan har ƙauyukan Kabo, kuma yawancin masu faɗa ba su san wace ce Goggon ba.

Da Kaka ya rasu aka zo rabon fadama. Liman da mai unguwa da dattawa suka fito da igiya. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, wannan ba gardama. Gardamar a kan rijiya take, domin duk wanda ta faɗa a rabonsa ya riƙe maƙogwaron ɗan'uwansa. Muryoyi suka fara tashi, Baffa har ya cire hula. Sai Goggo, wadda take tsaye can gefe da mayafi, ta ce wa liman, “Malam, a sa nawa a tsakiya, rijiyar ta faɗo a ciki. Kowa ya ja ruwa, ba na hana kowa. In sun ga dama su yi faɗa da ni.” Dattawa suka ji daɗin wannan magana. Aka auna mata siririn fili daga arewa zuwa kudu, Baba ya faɗo gabas, Baffa yamma.

A nan sai na yi wa 'yan yanzu bayani, domin su da siminti da takarda suka saba. A wurinmu iyakar gona abu ne mai rai. Gamba ake dasawa, ko aguwa, a gaban shaidu, kuma daga ranar ta zama abin da hannu ɗaya ba ya taɓawa. Ko reshe ne ya shigo gonarka ba ka sare shi kai kaɗai, sai ka kira maƙwabcinka ya tsaya yana gani. Wanda aka samu yana saran iyaka ba kowa a wurin, to sunansa mai cin iyaka, kuma suna ne da yake bin mutum har jikokinsa, har wurin neman aure. An tsorata mu da abin da ke jiran mai cin iyaka a lahira tun kafin mu iya wanke hannu. Wannan al'ada ta tsare gonaki tun kakanni, saboda gamba da aguwa inda ka ajiye su nan za ka tarar da su. Ba wanda ya taɓa tunanin za a yi iyakar da take tafiya.

Da aka kawo gamba, Goggo ta ce ba ta so. Ta aika aka yanko rassan furenta, wanda a lokacin ya cika lungun randa, ta bi gefen filinta biyu tana soka su a laka da hannunta. Baffa ya ce, “Yaya, fadama ce fa, ba gidan Bature ba.” Ta ɗago ta dube su su biyun ta ce, “Ni ce a tsakaninku. Duk wanda ya taɓa wannan, ni ya taɓa.” Aka yi fatiha aka watse.

Shekarun farko abin gwanin sha'awa. Layi biyu na fure, rijiya a tsakiya, malam-buɗe-littafi kamar an zuba. Masu wucewa da jakuna sukan tsaya su kalla. Akuya ba ta ratsa shi, don haka har wasu suka zo roƙon reshe su yi shinge. Ni da autan Baffa, wanda kowa yake kira Auta, mukan ɓuya a inuwarsa da rana tsaka mu sha rake. Na girme shi kaɗan, Yaya yake ce mini, duk inda na sa ƙafa nan yake sa tasa. Mu muka fara lura cewa furen yana fitowa a inda ba wanda ya dasa shi: gindin kuka, bakin burtali, ƙarƙashin duk bishiyar da tsuntsaye suke kwana. Suna cin baƙaƙen 'ya'yan su je su kasayar, damina ta yi sauran aikin. Reshen da ya kwanta a ƙasa kuma sai ya yi saiwa a wurin, ya zama sabon gindi. A cikin tukunya abin kallo ne, da ya ji lakar fadama sai ya zama wani abu dabam.

Abin da ya raba gidanmu ya faru ne wata bazara da ciyawa ta yi wuya. Baffa yana da bijimin huɗa fari, wanda yake ji da shi kamar ɗa. Bijimin ya tsinke igiya ya shiga ya ci ganyen furen ya ƙoshi. Bayan kwana kaɗan ya daina kiwo, idanunsa suka yi rawaya, fatar hancinsa da ta bayansa ta riƙa saɓulewa in rana ta taɓa ta, yana neman inuwa yana kuka. Aka yi jiƙo, aka kira Bafulatani ya duba, ya girgiza kai. Ranar da aka yanka shi don kada ya yi mushe, Baffa bai tsaya an gama fiɗa ba. Ya ɗauki adda ya nufi fadama, ya hau saran furen ta ɓangarensa kamar mai faɗa da mutum. Muna wurin muna ban ruwa. Baba ya saki jigo ya zagayo, bai ɗaga murya ba, ya ce, “Wa ka kira?”

Baffa ya ce, “Sana ya mutu, kana tambayata wa na kira?”

“Na ji sanka ya mutu, Allah ya mayar da alheri. Wa ka kira ya tsaya maka?”

“Sai na nemi izininka kafin in kashe abin da ya kashe mini sa?”

Baba ya juya ya nuna wajen rijiya da hannu ya ce da mutanen da suka fara taruwa, “Ku shaida, yau ya sare zuwa nan. Gobe rijiya zai kai.”

Baffa ya jefar da addar. Ya ce, “Ni kake kira mai cin iyaka a gaban 'ya'yana?” Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma wannan shirun ya fi zagi. Goggo ta iso tana haki, ta tsaya a kan rassan da aka sare, ƙaya tana kama mata zane, ta yi ta kuka tana cewa ita ta jawo. Baffa ya rantse a wurin cewa hannunsa ba zai sake taɓa furen ba ko zai shigo masa ɗaki. Baba kuwa, da yake shi ya kira shaidu a kan wani, ba shi da bakin da zai taɓa nasa gefen. Da damina ta sauka, kowane kututture da Baffa ya sare ya fito da rassa da yawa a madadin ɗaya.

Goggo ba ta daɗe ba bayan haka. Da ta rasu, filinta ya kamata ya koma hannun 'yan'uwanta biyu a raba. Liman ya yi magana sau ɗaya, Baba ya ce sai Baffa ya fara zuwa, Baffa ya ce shi ba ya zuwa wurin iyaka, ai an san sunansa. Aka bar filin ba mai noma shi. Furen ya haɗe daga gefe biyu, ya bar 'yar siririyar hanya zuwa rijiya ta kowane ɓangare, wadda ƙafa ce kawai take hana ta rufewa.

Ni kuma sai na bi fatake. Na yi fataucin shanu zuwa kudu, na yi na goro, na zauna Ikko har Yarbanci ya kama bakina, na zauna Kumasi, na yi shekaru a Kamaru inda na koyi Fillanci da Faransancin kasuwa, na bi ta Sudan na sauke farali na tsinci Larabcin da zan yi ciniki da shi. Kusan duk inda na je sai na tarar da furen Goggo ya riga ni. A Jos na gan shi an aske shi tsaf a bakin gidajen ma'aikata, mai lambu yana bin sa da almakashi kowane mako, yana zaune lafiya kamar yaron kirki. A tsaunukan Kamaru na ga inda ya cinye makiyaya sukutum, wani tsohon Bafulatani ya nuna mini da sanda ya ce a nan mahaifinsa yake kiwo, yanzu ko kare ba ya ratsawa. Na tambaye shi wa ya kawo, ya ce wata mata ce ta dasa a ƙofar gida don ado. A can Kumasi, inda ruwa ya yi yawa, manoma ba sa yi masa kallon fure ma, da sun gan shi sai su tumɓuke tun yana ƙarami. Abin da na fahimta a yawona shi ne, tsiron ba mugu ba ne kuma ba salihi ba ne. Inda akwai hannu a kansa ado ne. Inda aka ɗauke hannu, ga danshi ga tsuntsaye, sai ya ci gari. A ko'ina na ga mutane suna yaƙi da shi, suna cin nasara ko suna faɗuwa. A garinmu ne kaɗai na san an ɗaure hannun mutane da rantsuwa da kunya an bar shi yana ci.

Da gwiwoyi suka gaza na dawo gida. Baba da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya, ba su shirya da juna ba. Gabas ta zama tawa da ƙannena, yamma ta Auta ce. Na je fadama washegarin da na sauka, na tsaya na rasa inda zan sa ido. Kurmi ne ya fi tsayin mutum a kan doki, a saman fure ja da rawaya, a ƙasa duhu da busassun rassa da ƙaya. Abin da ya rage mana na noma bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba a kowane gefe. Hanyar rijiya ta rufe tun da aka daina jigo. Maƙwabta sun haƙa nasu sun sa inji, mu kuwa ga ruwa a tsakiyar gonarmu muna roƙon tiyo a wurin wasu. Na san sunan wannan tsiro a bakin ƙabilu da yawa, na san yadda ake kashe shi: a sare, a tone saiwar, a ƙone, a dawo bayan ruwan farko a tumɓuke 'ya'yan. Sanin bai amfane ni da komai ba.

Ni da Auta muna sallah a sahu ɗaya. Muna gaisawa, gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jikin, yaya aka ji da zafi, har ta ƙare, sai kowa ya nemi takalminsa. Alhaji yake ce mini yanzu. Ba mu taɓa yin faɗa ba, gadon shiru muka ci. 'Ya'yanmu sun gaji da mu. Babban ɗana ya ce a kawo mota mai ture ƙasa ta share komai rana ɗaya. Na ce, in ta share, ina iyakar? Duk dattawan da suka riƙe igiya ranar rabo sun mutu. Layin da Goggo ta soka rassa yana can cikin duhu, ba mai iya nuna shi. In aka bar furen zai cinye sauran, wataƙila kafin mu mutu. In aka share shi, ba abin da zai rage tsakanin jikokin Baba da jikokin Baffa sai fili fetal da kotu. Abin da yake kashe gonar shi ne kaɗai shaidar da ta rage mata. Na yi tafiya har bakin teku ban taɓa jin ƙasa ta yi mini ƙunci ba sai a kan gonar ubana.

A farkon ranin nan ina zaune a gefena ina kallon albasar da ta fara kwanciya saboda mai tiyo ya ce injinsa ya lalace, sai na ji tari daga bayan kurmin. Na san tarin. Na Auta ne, kuma kowa ya san ɗan'uwansa yana nan. Can sai ya ɗaga murya.

“Alhaji, kai ne?”

“Ni ne. Yaya albasa?”

“Wace albasa? Ta mutu tana kallona.” Ya yi tari. “Kai da ka zaga duniya, ba ka ga inda ake sayar da rijiya a buhu ba?”

Na ce, “Na gani, amma kai ba za ka iya ɗauka ba, tun kana yaro guga ma sai na taya ka.”

Na ji ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Sannan ya ce, “Rijiyar nan dai tana nan inda take. Ita ba ta tafiya.”

Na gane abin da yake nufi. Ya ce, “Ba iyaka za mu taɓa ba. Hanya ce. Kai ka saro ta nan, ni in saro ta nan, mu tsaya a bakin rijiya. Ka ji na faɗa, na ji ka ji.”

Haka muka fara, tsofaffi biyu da adda. Yara sun so su karɓa muka hana, domin in hannun yaro ya shiga, gobe wani zai ce an wuce wuri. Da safe kafin rana ta yi zafi nakan sare abin da ƙarfina ya kai, ƙaya ta yayyage mini hannu, ƙamshin ganyen ya cika mini kai har in ga kamar Goggo ce za ta fito da gwangwaninta. Ta can ina jin tasa addar, sara ɗaya, hutu, sara ɗaya. Ba ma magana. A masallaci ma gaisuwarmu ba ta canza ba, sai dai na ga yana kallon hannuna, ni ma ina kallon nasa.

Ni na fara isa. Itacen kiryar yana nan, saiwoyi sun naɗe shi. Na jefa tsakuwa na kasa kunne, na ji ta faɗa ruwa. Na zauna a bakin rijiyar na daɗe. Amma ta yamma ba sara. Kwana da kwanaki ke nan saransa yana raguwa, ranar kuwa babu ko ɗaya. Tsakanina da inda ya tsaya akwai sauran kurmi, ba mai yawa ba, ina hango farar rigarsa ta cikin rassa, yana zaune a ƙasa. Daga bakin rijiya zuwa can ba gefena ba ne. Nan ne daidai inda Baba ya nuna da hannu ya ce gobe zai kai.

Na ce, “Auta, lafiya?”

“Numfashi ne. Hannun ya ƙi ɗaguwa.”

Na tsaya da adda a hannu. Na ji muryar Baba tana tambaya wa ka kira, kamar yana bayana. Na duba, ba liman, ba mai unguwa, ba kowa sai tsuntsaye suna cin 'ya'yan furen a saman kanmu.

Sai Auta ya ce, “Yaya, sare mana. Ga ni ina gani.”

Na sare. Hanyar da muka buɗe ba ta fi faɗin kafaɗar mutum ɗaya ba, kuma na san da ruwan farko kututturan za su tofo, ga kurmin nan dama da hagu bai san an yi komai ba. Da na isa gare shi na kama hannunsa na tayar da shi, muka bi ta cikin ƙaya a hankali, ni a gaba, shi yana sa ƙafa inda na sa tawa, har bakin rijiyar.